Rubutun Da Babu Gaisuwa A Kansa

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama Jihar Kebbi, ita ce shekarar da na fara riƙe alli. Daga Maiyama aka turo ni Jega, makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, in koyar da Hausa. Na fi shekara goma ina karanta insha'i iri ɗaya har na haddace shi. A ce su rubuta labarin ranar kasuwa, aji guda su kawo mini kasuwa guda, wadda babu ita a Jega, babu ita ko'ina a duniya: "Kasuwa wuri ne da ake saye da sayarwa." To, da can wurin kwana ne? Raina yakan ɓaci har in ji kaina yana sarawa. Yaran nan in suna bakin famfo ba mai iya tare bakinsu, amma da sun ɗauki biro sai su mutu.

Sai aka kai mu wani kwas na malamai a Birnin Kebbi, a shekarun da wayar salula ta fara shiga aljihun 'yan kasuwa. A can aka nuna mana abin da ake kira bulog. Shafi ne a intanet, ka zuba rubutunka, duk mai kwamfuta a duniya ya buɗe ya karanta. Sauran malamai suna ta hamma suna jiran abincin rana, ni kuwa na zauna daram. Na ce ashe ciwon ke nan. Yaran suna rubuta wa jan birona ne, jan biro kuwa ba mutum ba ne. A ba su mutane mu gani.

A lokacin shago ɗaya na sani a Jega mai kwamfutoci, kusa da tasha, janaretansa yana tari kamar tsohon da ya sha taba. In an tashi makaranta sai in kwashi takardun 'yan aji shida in tafi can, in yi ta tsintar haruffa da yatsa biyu ina zubawa a shafin da na buɗe mana. In na gama sai a buga mini a takarda, in manna a bangon aji don su ga rubutunsu da haruffan inji. An yi ta surutu, wai matar aure a shagon samari. Maigidana ya ce in dai zan dawo kafin magariba babu ruwansa. Sauran kuwa na ce su faɗa, bakinsu ne.

Ranar da na gaya wa yaran cewa duniya duka za ta karanta, duk suka zaro ido. Na koma gida ina murna, ina cewa gobe zan ga rubutu. Na kuwa gani. Takardar farko ta fara da sallama, sannan: ina gaida babana, ina gaida innata, ina gaida yayana direba da ke Aliero, ina gaida kakata a Kuberi, ina gaida ƙawayena kaza da kaza, da fatan suna saurare cikin ƙoshin lafiya. Ta biyu haka, ta uku haka. Wata ta cika shafi biyu da sunaye, a can ƙasa ta ce, "Kasuwa kuma mun je lafiya." Ashe su a wurinsu magana da duniya ita ce shirin gaishe-gaishe na rediyo, wanda suke kasa kunne kullum ko za a ambaci ɗan garinsu. Ban ga laifinsu ba, shi kaɗai suka sani. Na yi dariya har da hawaye, na buga su haka nan, na ce a sannu za su gaji.

Ba su gaji ba, abin ma gaba ya yi. Fataken albasa na Aliero da na Jega suna da 'ya'ya a kurmi, can inda shagunan intanet suka yi yawa. Wani yaro ya buɗe shafinmu ya ga sunan ubansa, ya bugo waya ya ce, "Baba, na ga sunanka cikin kwamfuta, ɗiyar wane ta gaishe ka." Shi ke nan, wuta ta kama. A majalisa ana tambayar juna wa aka sa, wa aka bari, wa ke sama, wa ke ƙasa. Mata suna tare ni a gidan suna, wannan ta ce a sa ta, waccan ta ce an sa ƙanwarta an bar ta. Har kwanon gabu, busasshen ganyen albasa, aka aiko mini. Firinsifal ɗinmu, mutumin Aliero ne mai son a zauna lafiya, ya yi ta yaba mini, don kusan kowace yarinya da shi take buɗewa.

Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Na je neman marubuta na dawo da maroƙa. Ran nan na shiga aji na buga tebur na ce, "Daga yau babu gaisuwa. Ko suna ɗaya na gani a kan takarda, ba ta shiga shafi."

Wata mai baki a layin gaba ta ce, "Malama, mu fara magana ba gaisuwa, kamar waɗanda ba su da iyaye?"

Na ce, "Iyayenki suna gida. Ki tashi da safe ki durƙusa ki gaishe su har gwiwarki ta yi kanta. A takarda kuwa ki gaya mini abin da idonki ya gani, wanda nawa bai gani ba."

Makonnin farko sai a hankali. Suna zaune suna taunar biro kamar an ɗaure musu harshe. Daga baya abin ya fara tsattsafowa. Wata ta rubuta faɗan da aka yi a layin famfo, har da zagin da aka yi, sai da na rage. Wata ta rubuta yadda kakarta ke ɓoye goro a cikin filo tana rantsuwa ba ta da shi. Aji ya fara rububin bango da safe, ana karantawa ana ƙyalƙyata dariya. Karon farko ke nan da na ga yaro yana karanta rubutun ɗan'uwansa ba don ya kwafa ba.

Akwai wata 'yar ƙauyen Alelu a can layin baya, doguwa, ba ta da magana. Ubanta ya rasu tana aji uku. Uwarta tana ƙauye da ƙannenta, ita kuwa ƙanen ubanta ya ɗauko ta ya riƙe a Jega don ta yi karatu. Shi bappan nata babban dillalin albasa ne, kowa ya san shi a tasha. A gidansa take ci, a gidansa take kwana, in babu shi babu makaranta. Lokacin gaishe-gaishe sunansa ne farko a takardarta, kuma an ce ya ji daɗi ƙwarai.

Ita ta kawo mini shafi ɗaya da rabi a kan lambun ubanta. Yadda take kai masa fura a fadama ta same shi cikin rijiyar lambu yana yasa, kansa kawai ake gani. Yadda yake tsuguno a bakin fangali yana magana da irin albasa kamar yana lallashin jinjiri. Sannan ranar da aka kai shi makwanci, gida ya cika da masu gaisuwar mutuwa, kowa ya manta da lambu. Kwana uku babu wanda ya ba shi ruwa. Ta saci jiki ta je ta tarar lawashin ya kwanta, ta ɗauki guga ta yi ta ja har hannunta ya fashe, tana jin haushin albasar don ita ta farfaɗo, shi bai farfaɗo ba. A nan ta tsaya. A shagon tasha na buga shi, ina share ido da gefen mayafi, mai shago yana tambayata ko hayaƙin janareta ne. Duk shekarun da na yi ina koyarwa, wannan nake jira.

Ba a yi mako ba Firinsifal ya aiko kirana. Na tarar da shi yana juya hula a hannu. Ya ce bappan yarinyar ya zo. Ɗansa na kurmi ya karanta masa rubutun ta waya, kuma maganar ta shiga tasha. Ana ta yi masa shaƙiyanci, wai ɗiyarsa ta ba duniya labarin maraicinta ba ta ko ambace shi ba, ko dai ba ya ba ta tuwo ne? Bappan ya ce sharaɗinsa ɗaya. A sa sunansa a saman rubutun da gaisuwa da godiya, ko kuwa ta tattara kayanta ta koma Alelu. Saura watanni kaɗan ta rubuta jarrabawar fita.

Firinsifal ya ce, "Malama, layi ɗaya ne. Mi za ya rage ki?"

Na ce, "Yallaɓai, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na sa nasa yau, gobe kowane uba a garin nan yana bakin ofishinka."

Ya ce, "To su zo mana. Gaisuwa laihi ce?"

Na ce, "Gaisuwa ba laifi ba ce. Amma a ɗora wa yarinya wuƙa a wuya a ce yi godiya, wannan ba gaisuwa ba ce, kuma ba da hannuna ba."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ce ya doke ni. Ya dube ni ya ce ai ba ni zai doka ba, yarinyar zai doka. Wannan ta shige ni, don gaskiya ya faɗa. Na tashi na fita.

Na kira ta bayan an tashi, muka zauna a aji mu biyu. Ban ɓoye mata komai ba. Na ce rubutunta ne, karatunta ne, in ta ce a sa, ga mai shago can zai sa mata, ba zan hana ba, ba zan kuma rage ta da komai a idona ba. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Malama, kullum da sahe ina durƙusawa in gaishe shi, kuma har cikin raina nika yi. Wanga na babana na. Ba ni sa kowa bisa kanshi."

Na ce, "Kin san abin da zai biyo baya?"

Ta ce ta sani.

To, tunda gaisuwa bappan yake so, na ce zan kai masa ita da ƙafata. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Bayan la'asar na yafa mayafi na tafi gidansa, na yi sallama, aka ce in shigo zaure. Yana zaune a kan buzu, zauren duk warin albasa, buhuna jingine da bango. Na durƙusa. Na gaishe shi da wuni, da gajiya, da iyali, da kasuwa, da hanya, da mutanen kurmi, da mutanen Alelu, na koma na sake daga farko. Wallahi ban bar komai ba, har motocinsa sai da na tambayi lafiyarsu. Yana ta "lahiya lau, lahiya lau" har ya fara gyara zama.

Na ce, "Alhaji, ga gaisuwa na kawo, tawa da ta makaranta. In kana so kowace Juma'a zan kawo. Amma rubutun nan na mamaci ne, ɗan'uwanka. A bar masa abinsa."

Na yi tsammanin zai yi faɗa, na ma shirya masa. Sai ya yi magana a hankali. Ya ce, "Malama, rijiyar nan da tac ce, wa kika zaton ya riƙe igiya sa'ad da aka gina ta? Ni. Shi yana ciki, ni ina bisa ina jan ƙasa. Ni na wanke shi, ni na sa shi rami. Ta ba duniya labarin wana kamar ba shi da kowa."

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Mutumin ba mugu ba ne, ciwo ke gare shi, 'yan tasha kuma suna zuba masa gishiri. Na ce, "Ba ta san da igiyar ba, Alhaji, ba a haife ta ba. Ka zaunar da ita ka ba ta labarin. Na rantse maka za ta rubuta abin da ya fi gaisuwa."

Ya ce shi ba ya roƙon ɗiyar cikinsa. Maganarsa ta riga ta fita a tasha, ba ya mayar da ita.

Nan fa zuciyata ta taso. Na ce, "Ashe don 'yan tasha za ka kori marainiya daga karatu. To Allah ya ba 'yan tasha lafiya, su za su tsaya maka gobe." Na tashi na kaɗe zanena. Na san na yi kaushi, kuma ko yau aka mayar da ni zauren nan, abin da zan faɗa ke nan.

Washegari ta koma Alelu da akwatinta. Ranar Asabar na bi ta a kabu-kabu, na sami uwar na ce a ba ni ita ta zauna gidana har ta gama. Matar ta yi kuka ta yi godiya, ta ce ba zai yiwu ba. Bappanta yana raye a cikin gari, ɗiya ta kwana gidan bare? An tona asirin gida ke nan, kuma har abada ba za a shirya ba. Na so in yi gardama, sai na fasa, don ni ma a gidanmu haka za a ce.

Na dawo Jega ina cin wuta. Ranar Litinin bencinta babu kowa. Wata ta ja jakarta za ta koma wurin, na ce ta kuskura. Firinsifal ya wuce ta taga ya dube ni, ni kuwa na ci gaba da darasi kamar ban gan shi ba. Amma a raina ina ta tambayar kaina ko taurin kaina ne ya cinye karatun yarinya.

Ranar Laraba muna tsakiyar darasi na biyu sai na ji hayaniya a bakin ƙofar makaranta. Na leƙa. Ita ce, malamin horo ya tsare ta da bulala don ta makara. Hijabinta duk ɓawon albasa. Ashe lokacin cirar albasa ne, a-kori-kura suna ta jigila daga ƙauyuka zuwa Jega, ita kuma ta sami wani direba ɗan garinsu ta hau bisa buhuna. Na isa wurin ban san lokacin da na isa ba. Na ce masa, "Malam, in ka taɓa ta, ni ka taɓa." Ya ce doka ce. Na ce to ya fara da ni, ga bayana. Ya sauke hannu.

Daga ranar na mayar da bakin ƙofa ofishina. Duk safiyar da ba ni da aji ina nan tsaye. Wata rana ta iso da wuri, wata rana sai an kusa tara, wata rana ba mota sam. Abin da ta rasa in biya mata a lokacin tara, 'yan ajin kuma suna kwafa mata darasi. Firinsifal ya kira ni sau biyu a kan na hana doka aiki, na ce ya rubuta ni a mayar da ni ƙauyen Sarandosa in ya ga dama, can ma akwai yara. Bai rubuta ba. Rubutun kuwa yana nan a shafi yadda ta yi shi, har wasu da ba mu sani ba suka bar mata magana a ƙasa, wani ya ce shi ma ubansa ɗan lambu ne. Na buga mata a takarda, ta ninke ta sa a jaka.

Abin da nake tsoro shi ne damina. Albasa ta ƙare a gonaki, motoci suka ragu, hanyar ƙauye kuma da an yi ruwa ta zama kunu. Ta fara yin kwana biyu ba ta zo ba. Ta rame, idanunta suka faɗa. Na sake ce mata ƙofa a buɗe take, layin gaisuwar nan har yanzu zai mayar da ita gidan bappa. Ta girgiza kai kawai. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, in ji mutane, amma wannan duk wanda ya san gidansu ya ce halin gidan ne ta kwaso kaf.

Ranar takardar farko ta jarrabawa aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya ɗauke da hantsi, amma na san babu motar da za ta fito daga Alelu. Na tsaya a bakin ƙofa da lema, ƙafafuna cikin ruwa. Yara suka shige ɗaki, masu sa ido suka iso da buhun takardu. Firinsifal ya zo ya tsaya kusa da ni ya ce in shigo, abin da ya faru ya faru. Na ce ya tafi, ina nan. Ina ta Hasbunallahu a zuci, ina jin in yarinyar nan ta rasa jarrabawa ban san da wane ido zan sake kallon aji ba.

Sai na ji kukan babur daga can ƙasan layi, yana tafe yana zamewa. Babbar rigar mai tuƙin ta zama laka tun daga wuya, hularsa babu. Sai da ya matso na gane bappan ne, ita kuma tana bayansa ta rungume jaka a ƙirji. Har yau ban san wanda ya aika masa ba, ko kuwa ba wanda ya aika. Tun asuba ya fita Jega cikin ruwan nan ya je ya ɗauko ta.

Bai ƙaraso ƙofa ba, ya tsaya nesa kaɗan. Ta sauka ta durƙusa a cikin lakar, ya daka mata tsawa ya ce ta tashi ta tahi, ana jiranta. Ta wuce ni da gudu. Muka haɗa ido da shi. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Ya juya babur ɗinsa ya nufi tasha, ni kuma na bi sawun lakarta har ƙofar ɗakin jarrabawa, na ga ta zauna an miƙa mata takarda.